Ragar Zuciya Mai Magani: Abin da Take Hanawa da Abin da Take Jinkirtawa

Duk wanda ya raka ɗan'uwa aikin zuciya a Abuja ko Alƙahira ko Indiya ya dawo Gombe, yakan shigo gida da abu biyu: ɗan kati mai ɗauke da suna da girman ragar da aka dasa wa mara lafiya, da gargaɗin likita cewa kada a kuskura a fasa shan wasu magunguna guda biyu masu hana daskarewar jini. Daga nan ruɗani ke farawa, domin 'yan dubiya kowa da bayanin da ya zo da shi. Wani ya ce ya ji maganin da ke jikin ragar na masu ciwon daji ne. Wani ya ce ai ragar toshewa take yi bayan wata shida. Wani kuma ya ce tunda an yi aiki an gama, shan magani kullum wahalar da kai ne kawai. Na farko da na biyu akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Na ukun ne shawararsa ke iya kai mutum kushewa.

Bakin zaren yana cikin abin da ke faruwa a bangon jijiya bayan an tokare ta da ƙarfe, da kuma wasu ƙwayoyin halitta masu aikin gyara waɗanda maganin jikin ragar ke taɓawa alhali ba su aka nufa ba.

## Jijiya, raga da tsukewa

Zuciya ce ke harba jini ko'ina a jiki, amma ita kanta wasu 'yan jijiyoyi ne da ke kwance a kanta suke ciyar da ita. Faɗin kowacce bai cika wuce milimita 2 zuwa 4 ba, kusan bututun tawadar biro. Bangon jijiyar hawa uku ne. Na ciki shimfiɗa ce ta ƙwayoyin halitta layi ɗaya tak, mai santsi kamar ɗakin da aka yi wa shafe aka goge, kuma ita ce ke hana jini kamawa ya daskare. A nan za mu kira ta shafe. Na tsakiya tsoka ce mai matsewa da saki. Na waje kuwa riga ce da ke lulluɓe da su.

Hawan jini da ciwon suga da taba da yawan maiƙo a jini su ne ke farfasa shafen, kitse ya samu kafa ya taru a ƙarƙashinsa har hanya ta tsuke. Sai mutum ya fara jin ƙirjinsa ya yi nauyi in ya ɗaga ƙafa ko ya hau bene. Ranar da tarin ya fashe jini ya daskare a kansa, hanya ta toshe ɗungurungum, shi ne ake cewa bugun zuciya.

Ragar, wadda likitoci ke kira sitent, ɗan bututu ne na waya da aka saƙa. Ana zura ta a naɗe a kan balan-balan ta jijiyar wuyan hannu ko ta gindin cinya, a kai ta inda hanya ta tsuke, a kumbura balan-balan ɗin ta buɗe ta tokare bango, sannan a janye shi a bar ta. Ba a tsaga ƙirji, kuma akasari mara lafiya idonsa biyu. Ragar ta zauna ke nan, ba a cire ta.

Abu biyu ne ke iya samun ta daga baya, kuma mutane kan haɗa su wuri ɗaya duk da bambancinsu. Na farko sake tsukewa: nama ya tsiro a cikin ragar sannu a hankali, cikin watanni, har ya cinye rabin faɗinta ko fiye. Wannan ba kitsen da ne ya dawo ba, tabo ne, irin wanda fata ke yi bayan yanka. Na biyu gudan jini: jini ya kama jikin ƙarfen ya daskare cikin mintuna. Na farkon ya fi yawa amma yakan yi sallama kafin ya shigo. Na biyun bai da yawa, sai dai ba ya sallama, kuma yana kisa.

## Daga balan-balan zuwa ƙasar wani tsibiri

A watan Satumba na 1977 wani likita Bajamushe, Andreas Grüntzig, ya fara buɗe jijiyar zuciyar mutum da balan-balan a birnin Zurik na Suwizalan. Aikin ya yi, amma a cikin kowane mutum goma, uku zuwa huɗu jijiyarsu kan sake tsukewa cikin wata shida, domin bangon da aka tura yakan dawo kamar roba. A 1986 aka fara dasa ragar ƙarfe, a Faransa da Suwizalan, don ta hana wannan dawowar. Ta hana, amma ta kawo nata: ƙarfen yana ƙuje bango, tsokar tsakiya ta ɗauka rauni ne, ƙwayoyinta su tashi su hayayyafa su kwararo cikin ragar. Sake tsukewa ta ragu zuwa kashi 20 zuwa 30 cikin 100, ba ta tafi ba.

Dabarar da ta biyo baya ita ce a shafa wa wayar wata roba mai riƙe magani, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin makonni daidai inda raunin yake. Magani biyu aka fara da su. Sirolimus an samo shi ne daga wata ƙwayar bakteriya da ke cikin ƙasar tsibirin Rapa Nui a tekun Fasifik, kuma da shi ake hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa. Paclitaxel kuwa daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka fara fitar da shi, kuma lallai maganin ciwon daji ne, don haka ɗan dubiyar nan bai yi ƙarya ba. Abin da bai sani ba shi ne adadin da ke jikin raga ɗan mitsitsi ne ƙwarai, a wurin yake aiki, ba ya zubar da gashi ko galabaitar da jiki yadda allurar masu daji ke yi.

A ƙarshen 1999 Eduardo Sousa ya dasa ragar sirolimus ta farko a Sao Paulo ta Barazil. Gwajin RAVEL da aka buga a 2002, mai mutum 238, ya ba duniyar likitoci mamaki: bayan wata shida babu ko mutum ɗaya cikin masu raga mai magani da jijiyarsa ta sake tsukewa, alhali a ɓangaren masu ragar ƙarfe zalla kusan kashi 27 cikin 100 sun tsuke. Amurka ta amince da ragar Cypher mai sirolimus a 2003, da Taxus mai paclitaxel a 2004. Sifilin nan bai ɗore ba da aka shiga yi wa marasa lafiya iri-iri, amma adadin ya tsaya ƙasa da kashi 10 cikin 100.

## Su wane ne masu gyaran?

Ƙwayoyin tushe su ne ƙwayoyin halittar da ba su riga sun zaɓi sana'a ba. Suna nan kamar irin da manomi ya ajiye a rumbu, sai buƙata ta taso su rabu su zama abin da ake nema. Shekaru da dama an ɗauka cewa jijiyar baligi ba ta da irin waɗannan. A 1997 Takayuki Asahara, ɗan Japan da ke aiki a Boston, ya ba da rahoton cewa ya samu wasu ƙwayoyi a cikin jinin manya, masu wata alama da ake kira CD34, waɗanda ke iya rikiɗa su zama ƙwayoyin shafe. Fahimtar da aka gina a kai ita ce ɓargo na turo su duk lokacin da jijiya ta ji rauni, su sauka a wurin su yi faci.

Sai magana ta ƙara rikicewa. A 2002 wasu masu bincike a Tokyo suka nuna a jikin ɓeraye cewa ƙwayoyin da suka fito daga ɓargo na iya zama tsoka su shiga cikin tabon da ke tsuke jijiya. A 2004 kuma aka gano wasu ƙwayoyin tushen a zaune cikin rigar waje ta jijiya, waɗanda su ma kan iya ratsowa ciki su zama tsoka. Ashe rumbun iri biyu ke ciki: mai gyara shafe, da mai ƙara tabo.

A nan masana suka rabu. Ɓangare ɗaya na ganin ƙwayoyin tushe suna da babban hannu a gyara da ɓarna duka, saboda haka duk wanda ya iya juya su ya riƙe makullin matsalar. Ɗaya ɓangaren ya zo da wata dabara ta yi wa ƙwayoyin tsoka fenti tun suna zaune, a ji wa jijiya rauni, sannan a duba su wane ne a cikin tabon. Abin da suka gani a ɓeraye shi ne mafi yawan tabon daga tsofaffin ƙwayoyin tsokar wurin ya fito, har ma 'yan kaɗan ne daga cikinsu ke hayayyafa su cika wurin. Shafen ma, a irin waɗannan gwaje-gwaje, maƙwabta ne ke rarrafowa daga gefe da gefe su rufe raunin, ba baƙi daga ɓargo ba. An kuma gano cewa da yawa daga cikin abin da aka riƙa kira ƙwayoyin tushen shafe dangin fararen ƙwayoyin jini ne, waɗanda ba sa zama shafe da kansu, sai dai su fitar da sinadaran da ke zaburar da masu aikin. Wato ba magina ba ne, masu kawo ruwa da kwaɓa ƙasa ne.

Hujjar ɓangare na biyu ta fi nauyi a yau, amma ba ta kashe maganar ba. Kusan duk wannan a jikin ɓera aka gani, kuma jijiyar lafiyayyen ɓera ba ɗaya take da ta dattijo mai shekara sittin da ciwon suga ba. Abin da aka sha gani a jikin mutane kuwa shi ne masu suga, da mashaya taba, da tsofaffi, waɗannan ƙwayoyin sun fi ƙaranci da rauni a jininsu, sannan motsa jiki da maganin rage maiƙo na dangin statin kan ƙara yawansu.

## Feshin da bai san shuka ba

Manomin Kumo ko Dadin Kowa ya san maganin ciyawa iri biyu ne: akwai mai zaɓe, wanda ke kashe ciyawa ya bar masara, akwai kuma wanda duk koren da ya taɓa ya ƙone. Magungunan jikin raga sun fi kusa da na biyun. Sirolimus yana toshe wani makunni a cikin ƙwayar halitta mai suna mTOR, wanda ke ba ta izinin girma da rabuwa. Paclitaxel yana sandarar da zaruruwan da ƙwayar ke amfani da su wajen rabuwa biyu. Babu wanda ke tambayar ƙwayar da ya tarar ko ta tsoka ce ko ta shafe.

Saboda haka amfani da illa daga tushe ɗaya suke fitowa. Tsoka ba ta hayayyafa ba, tabo bai yi kauri ba, hanya ta zauna a buɗe. Amma shafen da ya kamata ya lulluɓe ƙarfen shi ma ya makara. Gwaje-gwajen ɗakin bincike, ciki har da wani na Tokyo a 2005, sun nuna sirolimus na danne ƙwayoyin tushen da ke yawo a jini, masu zama tsoka da masu zama shafe baki ɗaya. Ragar da ba ta da magani jiki kan rufe ta cikin kimanin wata guda. Ragogin farko masu magani kuwa, da Renu Virmani da abokan aikinta a Amurka suka duba jijiyoyin mutanen da suka rasu, sun tarar da wayoyi tsirara bayan watanni masu yawa, ga kumburi kewaye da robar da ke riƙe maganin. Ƙarfe tsirara a cikin jini kuwa gayyata ce ga gudan jini.

A taron likitocin zuciya na Turai a Barcelona a 2006 wannan magana ta fashe. An gabatar da alƙaluman da ke nuna gudan jini na kama ragogi masu magani bayan shekara ɗaya ko fiye, abin da ba a saba gani da ragar ƙarfe zalla ba. Wani bincike na asibitocin Bern da Rotterdam ya ƙiyasta kimanin mutum 6 cikin 1,000 a kowace shekara. Hukumar magunguna ta Amurka ta kira zama a watan Disamba na shekarar, aka kuma tsawaita shan maganin hana daskarewar jini zuwa wata 12.

## Yadda aka yi ƙoƙarin raba gardamar

Hanya uku aka bi, ba duka suka kai ba.

Wasu suka ce a taimaki masu gyara kai tsaye. Aka ƙera ragar Genous, wadda ba ta da magani, sai wani shafi mai cafke ƙwayoyin CD34 daga cikin jini ya manna su a jikin ƙarfe. Tunanin ya yi kyau a takarda, amma jijiyoyin sun ci gaba da tsukewa fiye da na masu magani. Ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa shi ne alamar CD34 ba ta masu shafe kaɗai ba ce, tarkon na kama har da waɗanda ba a gayyata ba. Daga baya aka yi Combo, mai sirolimus a fuskar da ke kallon bango da tarkon a fuskar da ke kallon jini. Ta yi aiki, amma gwaji bai nuna ta fi sauran sababbin ragogi ba.

Wasu suka ce a yi ragar da za ta narke gaba ɗaya. Irin wannan raga mai suna Absorb ta samu amincewar Amurka a 2016, aka daina sayar da ita a 2017 bayan an ga gudan jini ya fi kama ta.

Wadda ta yi nasara ita ce mafi ƙarancin armashi: a sirantar da waya, a gyara robar ko a yi mai narkewa, a koma ga 'yan'uwan sirolimus irin su everolimus da zotarolimus. Kaurin wayar Cypher maikiron 140 ne, na sabuwar raga mai suna Xience 81, kusan silin gashi. Siririyar waya ba ta ƙuje bango sosai, shafe kuma ya fi saurin haye ta. Ragogin da ake dasawa yau kusan duk wannan zubin ne. An daina ƙera Cypher tun 2011, masu paclitaxel ma sun ja baya a aikin zuciya.

Shin mai magani ta fi ta ƙarfe zalla ceton rai? Gwajin NORSTENT na ƙasar Norwe, mai mutum 9,013, da aka buga a 2016, ya tarar bayan shekara shida babu bambanci a mutuwa ko bugun zuciya. Bambancin a komawa aiki ne: kashi 16.5 cikin 100 ga masu magani, 19.8 ga ɗaya ɓangaren. Gudan jini ma ya ɗan fi ƙaranci a sababbin masu maganin. Kan haka ƙa'idar likitocin Turai ta 2018 ta ce a yi amfani da mai magani ga kowa. Ga wanda kowace komawa ke nufin kuɗin jirgi da masauki da miliyoyin naira, wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Akwai kuma abin da raga ba ta yi, kowace iri ce. A lokacin bugun zuciya tana ceton rai. Amma ga mai ciwon ƙirjin da ke zuwa da wahala ya lafa da hutu, manyan gwaje-gwaje irin su COURAGE na 2007 da ISCHEMIA na 2020 ba su nuna ta fi magani mai kyau hana mutuwa ba, sauƙin ciwo take kawowa. Mai ciwon suga da jijiyoyi da dama suka tsuke kuwa, sau da yawa tiyatar kewaye jijiya ta fi masa.

## Abin da ya rage a hannun mara lafiya da iyalinsa

A ɗauki misalin wani dattijo a Jekadafari, wata huɗu da dawowa daga aiki. 'Yarsa ta girgiza kwalin magani ta ce, "Baba, wannan saura na kwana uku, in aika a nemo?" Ya ce, "Ke dai bari, 'yar nan. Tun da muka dawo ko ƙaiƙayi ban ji ba, a rage kashe kuɗi." Rashin jin ciwon gaskiya ne, amma shaida ce kawai cewa hanya a buɗe take. Ba ta nuna ko shafe ya gama rufe ƙarfen ba, kuma babu yadda mutum zai ji wannan a jikinsa. Asfirin da abokinsa, clopidogrel ko ticagrelor, su ne ke tsare ƙarfen kafin jiki ya gama aikinsa. Cikin abubuwan da aka sani suna jawo gudan jini a raga, babu wanda ya kai daina su da wuri ƙarfi.

Tsawon lokacin ya danganta: galibi wata 6 ga wanda aka yi wa aikin cikin natsuwa, wata 12 ga wanda ya yi bugun zuciya, wata 1 zuwa 3 ga wanda ake tsoron zai yi zubar jini. Bayan nan akan bar mutum da guda ɗaya har iya rayuwa. Likitan zuciya ne ke yanke wannan, kuma ba sai an koma inda aka yi aikin ba, ana iya bibiya a Asibitin Koyarwa na Gwamnatin Tarayya da ke Gombe ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Idan guzurin maganin da aka zo da shi daga waje ya kusa ƙarewa, sunan sinadarin da ke jikin kwalin ake nema, ba sunan kamfani ba.

Magungunan na sa jini ya daɗe bai tsaya ba, don haka mai cire haƙori da likitan tiyata dole su sani, wanzami da mai ƙaho kuwa a dakata da su sai an yi shawara. Kada a daina maganin don za a yi ɗayan waɗannan sai da izinin likitan zuciya. Magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis, irin su diclofenac da ibuprofen, suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki, baƙin bayan gida kamar kwalta alamarsa ce. Omeprazole, wanda masu olsa ke sha kamar gyaɗa, yana iya rage ƙarfin clopidogrel, akwai 'yan'uwansa da likita zai iya musanyawa da su. Da azumi kuma, clopidogrel sau ɗaya ake sha a rana, ticagrelor sau biyu, ana iya daidaita su da sahur da buɗa-baki, amma ko wanda bai daɗe da aiki ba zai iya ɗaukar azumin, wannan tambaya ce ta likita tun kafin a ga wata.

Sake tsukewa ta fi bin masu ciwon suga, da masu ciwon ƙoda, da waɗanda jijiyarsu siririya ce ko ragarsu doguwa, da kuma inda ragar ba ta buɗe sosai ba tun ranar dasawa. Bayan shekaru ma sabon kitse na iya taruwa a cikin ragar kanta, shi ya sa maganin maiƙo da na suga da barin taba ba sa ƙarewa da aikin. Idan ta tsuke akwai gyara: a sake buɗewa da balan-balan mai magani, ko a dasa wata a cikin ta farko, ko a yi tiyata.

Alamun sake tsukewa da na gudan jini ma ba ɗaya ba ne. Nauyin ƙirjin da ya dawo a hankali, yana zuwa da tafiya yana tafiya da zama, na neman ganin likita cikin 'yan kwanaki. Wanda ya faɗo farat ɗaya mutum na zaune, da gumi da sarƙewar numfashi, ko ya sauka hannu ko muƙamuƙi, ba a jira a ga ko olsa ce, ba a tsaya kemis. Asibiti mafi kusa ake nufa nan take, da katin ragar da kwalayen maganin a hannu.